Sanarwa: Tsabtace Rumbun Bayanan Ɗalibai Ranar Asabar

Assalamu alaikum, ƴan'uwa ma'aikatan sashen kwamfuta na ofishinmu na Katsina. Da fatan kun wuni lafiya.

Ranar Asabar mai zuwa, bayan sallar isha'i, za mu tsabtace dukkan teburan da ke rukunin bayanan ɗalibai a PostgreSQL, manhajar rumbun bayananmu, da kanmu, domin tun da aka fara rajista autovacuum, wato tsarin da ke wannan tsabtacewa da kansa, ya kasa kwashe matattun layukan (tsofaffin bayanan da ba a amfani da su) da gyare-gyare da goge-goge suka tara, shi ya sa neman sunan ɗalibi ɗaya yake jan lokaci.

Za mu yi amfani da vacuumdb, umarnin tsabtace rumbu, da zaɓin --schema na ware rukuni ɗaya, wanda ya shigo a siga ta 16 ta PostgreSQL, tare da --analyze don sabunta ƙididdigar teburan. Ba za mu taɓa VACUUM FULL ba, wato tsabtacewar da ke sake rubuta tebur gaba ɗaya, saboda yana kulle tebur ɗungurungum, kuma yana buƙatar ƙarin fili a faifai.

Kowa ya kammala aikin da ya buɗe a rumbun kafin magariba, domin aikin da aka bari a buɗe yana hana a kwashe waɗannan layuka. Mai kula da ajiya ya ɗauki kwafin rumbun da umarnin pg_dump da la'asar, mai kula da janareta kuma ya tanadi man dizal. Wanda ya karanta ya amsa da "na gani".

Na gode, Allah ya yi mana jagora.