Zuwa ga Bashir a Fatakwal

Sakkwato, daren Laraba.

Bashir ɗan gwaggo,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Maman Husna da yara? Wata biyar ban rubuto ba, na sani, kada ma ka fara. Kai ma ai sai sallah ta zo kake tuna kana da aboki. Wata tambaya ce ta sa na ɗauki biro, amma bari na fara sauke maka abin da ke cina.

Ka tuna ramin bayan akurkin kaji, inda muka haƙi ƙasar bulo? To kududdufi ne yanzu. A watan Disamba wani yaro da ke karatun noma a Jami'ar Ɗanfodiyo ya kawo min wani tsiro cikin leda, bai kai cikin kwano ba, wai sunansa azola. Na shimfiɗa tamfol, na barbaɗa ƙasa, na dama kashin shanu na zuba, na sa ruwa bai wuce tsawon tafin hannu ba. Da Inna ta leƙa sai ta riƙe haɓa ta ce, "Kainuwa dashen Allah, kai kuma ka zo kana dasa ta?" Ba kainuwa ba ce. Ganyenta mitsi-mitsi ne, duk tsiron bai wuce farcen yatsa ba, da 'yan saiwoyi kamar zare suna reto a ƙasa. Amma har yau a gidan nan "kainuwar Usman" ake ce mata.

Bashir, mako biyu ruwan ya rufe ruf, kore shar kamar an shimfiɗa darduma. In yanayi ya yi mata daɗi, ba ta cika mako ba ta ninka kanta ba. Abin da ya fi ɗaure min kai, a cikin ganyen akwai wata ƙwayar halitta da ido ba ya gani, tana jan sinadarin nitirojin daga iska. Wato abin nan da muke kuka a kansa cikin buhun yuriya, ita kyauta take samu. Manoman shinkafa a Sin da Biyetnam sun yi ɗaruruwan shekaru suna barin ta a gonakinsu ta zama taki.

Kaji da agwagi ranar farko suka far mata. Jar akuyar nan kuwa, mai girman kai irin naka, ta shinshina ta juya baya. Ashe warin kashin shanu ne. Da na fara wankewa, in tsane a kwando, in cuɗa da dusa, har kuka take in ta hango ni. Amma kada masu bidiyo a Facebook su ruɗe ka wai za ka daina sayen dusa. Ɗanyar fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ne, sai an shanya za ka ga ɗan abin da ya rage, duk da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen abin gina jiki ne. Buhun dusa dai ya ƙara min kwanaki, shi ke nan.

Af, Lawali ya yi ta biyu! Ranar ɗaurin aure babbar rigar Alhaji ya ara, tana sharar ƙasa. Na ce da kana nan da ba a tashi lafiya ba.

Sai bazara ta shigo. Ka san Afrilun Sakkwato, zafi sama da digiri 40, ko ka manta tunda ka koma garin ruwan sama? Azolar kuwa tsakanin 20 da 30 take so. Na sakankance da inuwar dogon yaron nan, ashe da la'asar rana ta gefe take shigo mata. Ta yi ja, ta koma ruwan ƙasa, kwana uku ta nutse tana wari. Ga kuɗin 'yan garuwa da na riƙa zubawa a banza. Wallahi ranar ko tuwo bai shiga ba. Ka san wa ya cece ni? Inna. Ashe ta ɗebi kaɗan cikin roba ta ajiye gindin randa a ɗakinta, wai tana son kallonta. Da wannan na sake tada iri, bayan na kafa rumfa da zana biyu. Ruɓaɓɓiyar kuma na kwashe na zuba gindin yakuwa, ka ga yadda ganye ya yi duhu!

Yanzu rigimata da Kawu ce. So nake ya ba ni fangali biyu a fadamarsa ta Kware in gwada ta ƙarƙashin shinkafa idan sanyi ya shigo. Ya ce shekara arba'in yana cire ciyawa daga gona, ba zai ga ranar da ɗan ƙanwarsa zai kawo masa wata cikin leda ba. Kai yake jin maganarka. Ka kira shi bayan sallar isha'i, kuma don Allah kada ka ambaci mutuwar ta farko.

Tambayar nan kuwa wallahi ta shige min. Sun ɗauke wuta, fitilar ma tana lumshewa. Inna na gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran manjan da ka yi mata alkawari.

Naka,
Usman