Rahoton Shekara Daga Sakatare: Karrama Malaman Jami'o'in Jiharmu Da Sauran Abin Da Muka Yi

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu dattawan ƙungiya, shugaba, yayye da ƙanne maza da mata, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar, waɗanda suka rigamu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu da rahama. Ayi min afuwa rahoton nan ya makara, laifina ne ba na ma'aji ba, littafin da nake rubuta bayanan mitin ne ya kwana biyu a but ɗin motar wani ɗan uwa da ya rage min hanya daga Funtua, sai shekaranjiya ya dawo hannuna.

Babban aikin da ya ci mana shekara dai kowa ya sanshi, wato lambar yabo ta malaman jami'a da muka daɗe muna ja da baya akanta. Ga sabbin membobi da basu san asalin maganar ba, tun yajin aikin ASUU na 2022 aka fara ta, wanda ya ɗauke daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur ɗiyanmu na zaune gida, malaman jami'o'in tarayya kuma aka riƙe musu albashi. A lokacin ne wani dattijo cikinmu yace mu da muka ci moriyar mutanen nan mi muka taɓa yi musu ko da na gode ne? Ɗakin yayi tsit. Muka yi ta cewa baɗi, baɗi, sai bana Allah ya nufa.

Kuma in ana maganar girmama malami ai Katsina bata da uzuri. Garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ne, ga Gobarau nan tsaye tana kallonmu. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta koma Kaduna daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa, nan Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ɗan Musawa ne, ya rasu 2005 amma har yau duk mai son yin bincike akan tarihin ƙasar Katsina sai ya bi ta kan aikinsa. Yanzu kuma ga jami'ar Al-Qalam tun 2005, ga jami'ar jiha da aka kafa 2006 wadda ke ɗauke da sunan marigayi Umaru Musa Yar'adua, ga ta tarayya a Dutsin-ma tun 2011, ga ta sufuri a Daura da aka aza harsashinta a 2019. Malamai sun cika jiha, sai dai ba mai tuna su sai ranar da yaro ya faɗi jarabawa ana neman wanda za'a roƙa.

Akwai lambobin yabo manya a ƙasa, NNOM, lambar yabon da gwamnatin tarayya ke ba masana, tun 1979 take, kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG kuma da aka fara 2004 dala 100,000 ce. Mu bamu da wannan, kuma ba can muka dosa ba. Waɗancan na manyan masana ne da sunansu ya riga ya zaga duniya, mu malamin da ke tsaye gaban aji cikin zafin watan Afrilu ba fanka muke nema.

Mun kasa ta gida uku kaman yadda jami'a kanta ke auna malami in za'a yi masa ƙarin girma: koyarwa, bincike, da hidimar al'umma. Aka kafa kwamiti, aka sa Baba Farfesa ya jagoranta tunda ya yi ritaya bashi da ɗan takara a ko'ina, aka raba fom. Kuskuren farko namu ne, mun kai takardun lokacin da ake tsakiyar jarabawa, malamai na fama da makin takardun jarabawa wa zai kula ka, dole muka ƙara wa'adi.

To a zaman tantancewa ne fa aka kai ruwa rana, kuma ina so in tsaya anan sosai domin shine abin da na ɗauka mafi muhimmanci a duk shekarar.

Da fom suka dawo sai muka ga kusan kowa ɓangaren bincike ya cike, wani ya haɗo jerin takardun da ya wallafa shafi biyar, na koyarwa kuwa 'yan kaɗan ne kuma ba komai ciki sai sunayen kwasa-kwasan da mutum ke ɗauka. Ba laifinsu bane. Duk wanda ya zauna jami'a ya san daga ƙaramin lakcara har zuwa kujerar farfesa takardun da ka wallafa ake ƙirgawa, ba wanda zai tambaye ka yara nawa suka gane abin da ka koyar. Saboda haka malami mai wayo sai ya rage lokacin aji ya ƙara na rubutu, wanda kuma ya ba aji ransa sai ya tsufa a mataki ɗaya. Baba Farfesa da farko yace a ƙirga takardu kawai, shine adalci, lamba bata ƙarya. Hajiya mataimakiyar shugaba tace Baba ayi haƙuri, lamba na ƙarya in an koya mata, ai akwai mujallun da zaka tura kuɗi yau sati mai zuwa aikinka ya fito ba wanda ya karanta balle ya gyara, ga kuma al'adar nan ta sa ni in sa ka, takarda ɗaya sunan mutum bakwai alhali biyu ne suka san abin da ke ciki. Baba yayi dariya yace shi ma ya sani, so yake wani ya faɗa. Aka tsaya akan cewa kowa ya zaɓo aiki uku kacal da yafi alfahari dasu, ya rubuta shafi ɗaya da Hausa yayi bayanin mi aikin ya gano kuma wa zai amfana. Wallahi wannan shafi ɗayan ya tace mutane fiye da zaton kowa, akwai wanda ya kira ni yace shi aikinsa baya fassaruwa da Hausa, nace to yallaɓai mu ma bamu iya tantance shi.

Na koyarwa ya fi wahala. Wasu suka ce a bar ɗalibai suyi zaɓe ta intanet, amma duk mun yi ɗalibta mun san wa za'a zaɓa, mai rabon maki ne da wanda baya ɗaukar sunan masu zuwa aji. Sai muka koma wajen waɗanda suka gama suka yi bautar ƙasa, wanda ba sauran tsoro ko kwaɗayi tsakaninsa da malami, muka yi musu tambaya ɗaya: wane malami ne ya taɓa kayar da kai amma har yau kana masa addu'a? Na raba lambobin waya tsakanin 'yan kwamiti kowa ya kira nasa kaso, katin wayar daga aljihunsu Allah ya saka. Suna ɗaya ya riƙa dawowa daga mutanen da basu san juna ba, kuma mutumin ko fom bai cike ba, sai da muka aika aka same shi.

Malamin lissafi ne, 'yan shekarar farko yake ɗauka, irin ajin nan da ke cika har wasu na leƙe ta taga. Baya saida handawut. In yayi gwaji yana dawo wa kowa da takardarsa da jan biro a inda yayi kuskure, wanda a aji mai wannan yawa ni ban san yaushe yake barci ba. Ranar Asabar yana zama da waɗanda suka zo daga makarantun ƙauye da basu samu malamin lissafi ba a sakandare, ya koma dasu tun daga kasafi da ɓarin lamba. Sa'o'insa da yawa sun wuce shi a matsayi. Shi ya samu ta koyarwa ba tare da ko mutum ɗaya ya ja ba.

Ta bincike wata Dakta ce a fannin noma, aikinta akan ƙuduji ne, wato wuta-wuta, ciyawar nan mai jan fure da ke maƙale wa saiwar gero da dawa ta tsotse su tun a ƙarƙashin ƙasa kafin ma manomi ya ganta. Shafinta na Hausa shine wanda duk muka karanta har ƙarshe, ta bayyana yadda irin ke kwance cikin ƙasa shekaru yana jiran saiwar hatsi, da yadda waken suya ko auduga ke yaudararsa ya tsiro bai samu abin kamawa ba ya mutu, shi yasa juya shuka da ƙara taki ke rage shi a gona. Ba a ɗakin gwaji kaɗai tayi ba, a gonakin mutane tayi damina bayan damina. Alhaji mai binciken kuɗinmu da yake manomi ne yace shi kam a bata tun kafin a gama karantawa.

Ta hidimar al'umma nan aka ɗan yi gardama, domin wasu sun ɗauka zama memba a kwamitoci goma shine hidima. Wanda ya samu malamin kwamfuta ne. Tunda JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015 akwai yaran ƙauye da ranar jarabawa ce ranar farko da suka taɓa linzamin kwamfuta, ba don basu da ƙoƙari suke faɗuwa ba, lokaci ke ƙare musu suna neman inda zasu danna. Shi wannan bawan Allah yana tara tsofaffin laftof na abokai, ya ɗauki ɗalibansa 'yan ajin ƙarshe su zaga makarantu a hutun mako, har da yaran da matsalar tsaro ta koro iyayensu daga wajen Batsari da Jibiya suka dawo cikin gari. Man motarsa yake sha, kuma kowa ya san abin da mai ya koma tun cire tallafi a 2023.

Sunayen su ukun suna cikin takardar da aka raba ranar taro, ban maimaita anan ba domin malamin lissafin ya roƙi kada a yaɗa shi, sai nace to a bar duka.

Ranar taron kanta ba sai na ja ba, da yawanku kuna wajen. Mun makara da awa biyu, wuta ta ɗauke ana tsakiyar buɗe taro da addu'a, janareta yaƙi tashi sai da aka aro wani. An ba kowa allon karramawa da satifiket da ambulan, Hajiya ta ƙara da shadda daga wajenta. Abin da ya taɓa ni shine tsofaffin ɗaliban malamin lissafin da suka cika bayan ɗaki ba wanda ya gayyace su, wani daga Kano ya taso.

Inda muka gaza kuma in faɗa. Sunayen mata da aka kawo sun yi kaɗan ƙwarai, ba don babu su ba, mu ne bamu bi ta inda zasu ji ba. Shiyyar Katsina ta mamaye fom ɗin, Daura da Funtua kaɗan, alhali mun ce ta jiha ce mai ƙananan hukumomi 34. Sannan malaman kwalejojin ilimi da na foliteknik sun yi ƙorafi, suka ce su ba malamai bane? Suna da gaskiya a ganina, amma wannan babban taro ne zai yanke ba ni ba.

Akwai wani mai hali da ya aiko zai ɗauki nauyin komai na shekara biyar in za'a sa wa kyautar sunansa. Shugabanni sun zauna sun yi masa godiya sun ce a'a, wasunku sun ji haushi na sani, kuma ban ce basu da hujja ba tunda asusu ba nauyi. Dalilinmu shine ranar da yaron gidansa ya shiga takara ba wanda zai iya buɗe baki a kwamiti. Duk mai son a sake duba maganar ya kawo ta a taro.

Sauran ayyuka a taƙaice: mun biya wa wasu marayu kuɗin rijistar zangon karatu, mun je ta'aziyya da dubiya inda ya kamata, mun kai littattafan da kuka tara wata makarantar sakandare ta 'yan mata. Zaman da muka shirya don koya wa ƙananan malamai rubuta takardar neman tallafin bincike na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, bai yiwu ba, wanda zai gabatar yayi tafiya, mun ɗage shi.

Batun kuɗi ma'aji zai karanto dalla-dalla da rasit. Ni dai abin da zan ce, waɗanda suka biya kuɗin wata basu kai waɗanda basu biya ba, kuma ambulan ɗin nan uku rabinsu daga aljihun mutum huɗu suka fito, wanda ba zai ɗore ba. Dan Allah wanda ya tura ta banki ya turo wa ma'aji shaida da cikakken sunansa, akwai alat da suka shigo da sunan matan mutane da na shaguna har yau ba'a san na wa bane.

Babban taro Asabar ta biyu bayan ƙaramar Sallah ne in Allah ya kaimu, a inda muka saba, ƙarfe goma na safe kuma goma ɗin gaske. Za'a tattauna shigar da kwalejoji, da naɗa wakili ɗaya-ɗaya a Daura da Funtua da zai bi fom, da zaɓen sabon kwamiti domin Baba Farfesa yace shi ya gaji da kiran waya cikin dare. Wanda ya tafi da lasifikar ƙungiya ranar taro ya taho da ita.

Naku,
Sakatare