Gurbin da ba ki cika ba

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, na duba manhajar da kika aiko mini, wadda kika ce jiya ta yi aiki lami lafiya, yau kuma tana fitar da lambobi barkatai a wurin makin ɗalibai. Kwamfutarki ƙalau take, sabo ne ya cuce ki, domin kin ɗauko ɗabi'ar harshen rubuta manhaja na Java kin shiga da ita harshen C++.

A Java, idan kika ƙirƙiri abu daga aji (class, wato tsarin da ake ƙera abubuwa da shi), duk gurbin ajiye bayani da ba ki sa wa ƙima ba harshen ne ke cika shi da kansa: gurbin int ya zama 0, na double 0.0, na boolean false, wanda kuma ke nuni zuwa wani abu, irin su String, ya zama null. Guraben aji sun sami wannan rangwame, na cikin metod (jerin umarnin da ke yin wani aiki) kuwa kwamfaila, mai fassara rubutunki zuwa harshen na'ura, ba zai bari ki karanta su ba sai kin cika.

C++ ba ta ɗaukar miki wannan alkawari ba. Da kika rubuta int maki; kika wuce, kuma maginin ajin (constructor, mai shirya sabon abu) bai taɓa gurbin ba, abin da wani aiki ya bari a memori shi kika tarar, tamkar tukunyar aro da aka zuba wa miya ba a wanke ba. Jiya sa'a kika ci ragowar ta kasance 0. Tun daga ƙa'idar C++ ta 2011 an halatta rubuta int maki = 0; a cikin ajin, kuma idan magini ya kawo tasa ƙimar, tasa ce za ta zauna.

Sai dai a wannan gurbi ban so ki sa 0. Shekarun baya na rubuta wa wata makaranta irin wannan manhaja da Java, na dogara da sifirin da harshen ke bayarwa, sai yaron da zazzaɓi ya hana zama jarrabawa ya fito da maki ɗaya da wanda ya miƙa farar takarda. Ban gano ba sai da mahaifinsa ya zo riƙe da katin asibiti, kuma har yau ina jin nauyin wannan rana.

Ki mayar da gurbin ya zama std::optional, nau'in da ke iya ɗaukar ƙima ko ya zauna babu komai, wanda ya shigo a ƙa'idar 2017, domin shi fanko yake farawa har sai malami ya shigar da maki. Idan kin gyara, ki sake aiko mini in gani.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki