Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ni malamin makaranta ne a Tudun Wada. Kwanakin baya na tambayi ɗalibaina ko wa ya taɓa zuwa Kafanchan, aji ya yi tsit. Na ce to Zariya fa? 'Yan ƙalilan suka ɗaga hannu, su ma biki ne ya kai su, daga tasha sai gidan amarya. Jiha mai ƙananan hukumomi 23, amma yaranmu iyakarsu Kawo da Kasuwar Barci.

Abin ya dame ni, domin a littafi kawai nake koya musu Nok. Ina gaya musu cewa a 1928 masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a wannan ƙauye da ke ƙaramar hukumar Jaba, aikin hannun mutanen da suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Masana daga Jamus sun zo sun yi shekaru suna bincike a kai, mu da ke gida ko hanyar ba mu sani ba. Haka ruwan Matsirga da ke kwararowa daga kan dutse kusa da Kafanchan, da tsaunukan Kagoro inda ake bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu.

Su ma yaran kudanci nawa ne suka taɓa tsayuwa a Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan? Nawa suka ga hawan Sallah a ƙofar fadar Zazzau, ko suka ɗaga kai suka kalli bakan gizon tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarim? Ita ganuwar Zariya ma kullum raguwa take, ruwa ya ci nasa, masu gini su ɗebi nasu. In aka yi sake, nan gaba sai dai a nuna wa yara fili a ce nan take.

Roƙona ɗaya ne, ranka ya daɗe. Gwamnati ta ware motoci da rakiyar jami'an tsaro, kowane zango a ɗauki ɗaliban sakandare na Zariya da Ikara a kai su Kagoro da Kwoi, na can kuma a kawo su Turunku da Kufena, wuraren tarihin Zazzau. Su kwana a makarantun juna, su ci tuwo a kwano ɗaya. Mun sha zaman sulhu a otal bayan kowace fitina, amma yaron da ya kwana ɗaki guda da ɗan Zonkwa ba zai yi saurin yarda da jita-jita a kansa ba.

Ban ce a kai su gandun dajin Kamuku na Birnin Gwari yanzu ba, kowa ya san halin da hanyar ta shiga. A fara da na kusa: Gidan Arewa, inda Sardauna ya zauna, da gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru aka kafa a Gamji. Waɗannan kam kuɗin Keke Napep ya isa.

Naka mai biyayya,
Wani malamin makaranta,
Tudun Wada, Kaduna.