Zuwa ga abokan cinikinmu masu shirin sayen kamara ta farko

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram da kewaye. Da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya zafi?

Tun da azumi ya kama, kusan kullum sai wani ya shigo shagonmu, ba wankin hoto ya kawo shi ba, tambaya ce a bakinsa: "Malam, jika kaza gare ni, wace kamara zan saya?" Yawanci samari ne masu son fara ɗaukar hoton biki da suna da hawan salla, wasu kuma mata ne masu ɗinki ko lalle da ke son aikin hannunsu ya fito fes. Mun maimaita amsar har makogwaro ya bushe, shi ya sa muka ga gara mu rubuta.

Amma bari mu fara da namu laifin. Bara mun sari kwali guda na wasu ƙananan kamarori marasa suna, daga hannun wani ɗan kasuwa da ba sai mun ambace shi ba. A jikin kowace an rubuta 48 MP (wato megafiksel, ma'aunin yawan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto) da 4K (alamar bidiyo mai fitowa tar) da manyan baƙaƙe. Muka gwada ɗaya a ƙofar shago da hantsi, hoton ya fito ba laifi, muka jera su. Wani yaro ɗan unguwar Birni ya saya, ya tafi da ita kamun yayarsa. Washegari ya dawo, bai ce komai ba, ya ajiye katin a kan tebur. Muka sa a kwamfuta. Duk abin da ya ɗauka bayan magariba ya fito kamar an watsa masa kunun gyaɗa: ga amarya nan, amma ba ka raba ido da gira, shaddar ƙawaye kuwa ta koma wani launi da babu shi a kasuwa. Kamu ba a sake shi. Mun mayar masa da kuɗinsa, mun kwashe sauran daga kanta, kuma muna sanar da duk wanda ya sayi irinta a wurinmu ya dawo da ita, da kwali ko ba kwali, ya karɓi kuɗinsa.

Abin da ya ci mu shi ne ke cin yawancin masu saye: lambar da ke kan kwali. A cikin kowace kamara akwai wani ɗan faifai da haske ke sauka a kansa, shi ake ce wa sensa. Faɗinsa ne ke yanke hukunci idan rana ta faɗi. Na ƙananan kamarorin aljihu bai wuce milimita 6 da ɗigo a tsawo da 4 da rabi a faɗi ba, wato bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Na kamara irin Nikon D3200 kuwa ya kai milimita 23 da 15, ya ninka wancan fiye da sau goma. Ka ɗauka ruwan sama kake tara: wani ya kafa kofi, wani ya kafa baho. Shi kuwa megafiksel da ake ta kururutawa, mu masu wanki mun san iyakarsa. Hoto mai santimita 10 da 15, irin wanda ake rabawa a biki, megafiksel 2 da ɗan ɗori ya ishe shi. Mai girman takardar A4, 9 ya wadatar. Don haka tsohuwar kamara mai 12 ko 18 ta fi ƙarfin duk abin da za ku kawo mana mu wanke.

Kafin ka zaro kuɗi, ka tambayi kanka ko kana bukatarta ma. Hajiya mai sayar da turaren wuta ko atamfa a WhatsApp, salularki ta isa. Ki fito da kayan inuwar zaure da safe, ki shimfiɗa farin ƙyalle, ki goge idon wayar. Kuɗin kamarar ki ƙara a jari. Mun san wannan magana ba ta kawo mana ciniki, amma gara haka da ki saya ki ajiye cikin akwati.

Wanda kuwa sana'a yake nufi, shawararmu ba ta canjawa: ya nemi ta hannu mai suna, irin wadda ake cire mata gilashi a sa wani. A ɓangaren Canon akwai 600D ta 2011, da 1200D ta 2014, da 1300D ta 2016, dukansu masu megafiksel 18. A ɓangaren Nikon akwai D3200 ta 2012 da D3300 ta 2014, masu 24. Shekarunsu kada su tsorata ku. Dalilin da muke nace musu ba ƙauna ba ce kawai: an yi su da yawa, don haka batirinsu da cajarsu ba su wuyar samu, ko a nan ko a Kano. Batir LP-E10 guda yana shiga Canon 1100D da 1200D da 1300D da 2000D. EN-EL14 kuma yana yi wa Nikon daga D3100 har D3500. Ranar da naka ya mutu ana tsakiyar biki, akwai yiwuwar wani abokin sana'a a wurin ya ara maka. Waɗanda muka lissafa duk suna da madubi a cikinsu. Irin marasa madubin nan kuwa, kamar Sony A6000, suna da kyau kuma ba su da nauyi, amma sun fi shan batir, kuma da ka cire gilashi sensa na nan a buɗe tana kallon ƙurar hunturu. Ga mai farawa a garin da ake yawan ɗauke wuta, mu dai ba ita za mu fara miƙa masa ba.

Idan bidiyo na cikin lissafinka, ka duba ko akwai ramin sa makirufo. 600D da D3200 da D3300 suna da shi, 1200D da 1300D ba su da shi. Kuma ka sani irin waɗannan kamarori ba su wuce minti talatin a ɗauka guda, wasu ma ba su kai ba; in wa'azi ko taro za ka ɗauka daga fari har ƙarshe, wannan ba aikinsu ba ne.

Yanzu ga inda aka fi yin kuskure. Mutum na da jika 150, sai ya zuba duka a jikin kamara, ya dawo gida da batir ɗaya da katin da ya cire daga tsohuwar waya. A'a. Ka ware kusan kashi ɗaya cikin uku tun kafin ka fara taya. Daga ciki za ka sayi batir na biyu, da kati biyu na gaske, da jaka mai zif, da 'yar robar nan mai hura iska. Kati biyu masu matsakaicin ciki sun fi ɗaya ƙato, domin in ɗaya ya lalace ba bikin duka ya tafi ba. Jabun kati kuwa sun cika gari, an buga musu sunan SanDisk tsaf, sai ka ɗauki hoto ɗari biyu ka tarar rabi ba su buɗuwa. Ka kawo mana mu gwada shi a kwamfuta kafin ka amince masa da auren mutane.

Gilashin da aka saba haɗowa da su shi ne 18-55. Ka fara da shi, yana ɗaukar taron dangi, yana ɗaukar mutum ɗaya. In aiki ya fara shigowa, abin da za ka ƙara ba sabuwar kamara ba ce, gilashi ne mai faɗin ƙofar haske: 50mm f/1.8 ga mai Canon, 35mm ko 50mm f/1.8G ga mai Nikon. Shi ke sa amarya ta fito raɗau bayanta ya narke, kuma shi ke ceton ka a cikin ɗaki mai ƙwan fitila ɗaya. Masu Nikon ku lura da harafin ƙarshe. Akwai tsohon 50mm mai harafin D, ya fi araha, amma a kan D3200 da 'yan uwanta ba ya saita kansa, sai ka murɗa da hannu, domin waɗannan kamarori ba su da injin juya shi a jikinsu. Ku nemi wanda aka rubuta wa AF-S, shi yana da injin a jikinsa. Haka masu sha'awar Canon 2000D ko 4000D: ku leƙa mazaunin filasha a sama, da yawansu ba su da ɗigon ƙarfen nan na tsakiya, kuma in babu shi filasha mai araha ba lalle ta yi wuta ba.

Ba a cinikin biri a sama. Kada ka tura kuɗi saboda hoton kamara da aka turo maka a waya. Ga yadda muke yi in an kawo mana ita a kan tebur. Mu cire gilashin, mu haska fitilar salula ta bayansa. Ƙura kaɗan ba komai ba ce, amma in ka ga wasu zare-zare kamar saƙar gizo, funfuna ce. Kayan da suka daɗe a gabar teku irin Kwatano ko Legas sukan zo da ita, kuma ba ta goguwa da gefen riga. Sai mu mayar da gilashin, mu matse ƙofar haske zuwa f/22, mu ɗauki farin bango. Duk dattin da ke kan sensa zai fito kamar kashin ƙuda. Wannan ana share shi. Zane ko layi mai tsawo kuwa, ka ajiye ta ka yi sallama. Na ƙarshe, mu duba sau nawa ƙyauren cikinta, wanda ke buɗewa ya rufe a duk ɗaukar hoto, ya ƙifta. Irin waɗannan ƙanana an yi musu lissafin kusan ƙiftawa 100,000. Ta Nikon lambar na ɓoye cikin kowane hoto, ta Canon sai an jona ta da kwamfuta. Jiki na iya sheƙi kamar sabo alhali ta ci duniya a hannun wani mai hoton biki.

In ta zama taka, abu biyu ne maƙiyanta a ƙasar nan. Ƙura: kada ka canja gilashi a filin hawa dawakai na tayar da turɓaya, ka shiga mota ko zaure, ka juya bakin kamarar ƙasa. Kada kuma ka hura da baki, yawu ya fi ƙura ɓarna. Sai zafi. Littafin da ke zuwa da su yana cewa a yi aiki da su tsakanin digiri 0 da 40, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu mun san inda muke kaiwa. Kada ka bar ta cikin but ɗin babur ko kan gaban mota da azahar.

Daga yau har bayan salla, duk wanda ya ga kamara a wani wuri yana son saye, ya roƙi mai ita su zo tare, mu duba masa kyauta, ko ba a wurinmu zai saya ba. In mai kayan ya ƙi zuwa, to ka ji amsarka. Ku zo da safe kafin rana ta yi, ban da Alhamis saboda cunkoson kasuwa, kuma ku taho da katinku da cajar kamarar.

Allah ya karɓi ibada, ya kai mu salla lafiya.

Naku,
Masu shagon hoto da dukan yaran shago
Damagaram