Rahoton Ayyukan Shekara: Tarukanmu da Ziyarar Ƙauyen Shirakawa-go

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya ku 'yan uwa mambobi, iyayenmu da ƙannenmu ɗalibai, kwamitin gudanarwa na ƙungiyarmu ta al'adu ta Hausawa mazauna yankin Nagoya a ƙasar Japan yana gabatar muku da bayanin abin da aka gudanar a shekarar da ta ƙare.

An yi walimar ƙaramar Sallah da ta babbar Sallah kamar yadda aka saba, kuma ajin koyar da yaranmu karatun Hausa ya ci gaba a ranakun Asabar, ko da yake ya riƙa tsayawa duk lokacin da ɗaliban da ke koyarwa suka shiga jarrabawa. Ma'aji zai kawo bayanin kuɗi daban a babban taro.

Babban aikin shekarar shi ne ziyarar da muka kai Ogimachi, ƙauyen manoma da ke yankin Shirakawa-go a lardin Gifu, lokacin kaka, ana cikin girbin shinkafa. Mun tashi daga Nagoya da sassafe a bas, tafiyar kimanin awa 3 a cikin duwatsu, muka tsallaka Kogin Shogawa a ƙafa ta kan gadar Deai, sannan muka shiga gari. Hukumar UNESCO ta sanya wannan ƙauye, tare da Ainokura da Suganuma na yankin Gokayama, cikin wuraren tarihi na duniya a 1995, saboda gidajensa masu jinkar ciyawa da ake kira gassho-zukuri, waɗanda fiye da 100 ke nan tsaye har yau. Jinkar tana da tsayi da gangara sosai, kusan digiri 60, domin dusar ƙanƙara da kan taru ta kai mita 2 a lokacin sanyi ta riƙa zamewa ƙasa, kada nauyinta ya karya ginin.

A gidan Wada, wanda aka buɗe wa baƙi, mun hau bene mun ga yadda aka ɗaure katakon rufin da igiya da rassan itace ba tare da ƙusa ko ɗaya ba. A waɗannan benaye ne mutanen ƙauyen suka riƙa kiwon tsutsar alharini a zamanin da, a ƙarƙashin daɓe kuma suna haɗa sinadarin yin albarushi, domin ƙasar nomansu ƙanƙanuwa ce, shinkafa kaɗai ba ta iya riƙe babban gida. Hayaƙin murhun da ke tsakiyar ɗaki yana hawa ya busar da ciyawar, ya kuma kori ƙwari.

Abin da ya fi tsaya wa kwamiti a rai shi ne yadda ake sabunta jinkar. Bayan shekara 30 ko fiye, rufin yakan buƙaci sabuwar ciyawa, kuma aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya, don haka a bisa al'adarsu ta yui, wadda daidai take da gayyar da muka sani a gida, maƙwabta kan fito da yawa su gama shi cikin kwana ɗaya ko biyu, mai gida kuma ya rubuta wanda ya zo domin ya rama masa idan nasa ya zo. Da aka gina madatsar ruwa ta Miboro, wadda aka kammala a 1961, ruwa ya cinye wasu ƙauyuka na wannan kwari, matasa suka kwarara birane, aka riƙa sayar da tsofaffin gidaje ana kwashe su. Ganin haka ne mazauna Ogimachi suka haɗa kai a 1971 a kan sharuɗɗa uku: ba sayarwa, ba bayar da haya, ba rushewa. Har yanzu sukan gwada bututun kashe gobara na ƙauyen gaba ɗaya a kowace kaka, domin wuta ɗaya na iya lashe garin.

Muna yaba wa iyaye mata da suka shirya guzuri, abin da ya kawar da damuwar neman abincin halal a hanya, da kuma mambobin da suka kiyaye cewa gidajen nan mutane ne ke zaune a cikinsu, ba su shiga gonar kowa ko farfajiyarsa don ɗaukar hoto ba.

Kwamiti ya lura cewa hidimar ƙungiyarmu ta tattaru a wuyan mutane ƙalilan, kuma ajin yara ne ya fi jin jiki. Saboda haka muna ba da shawarar a buɗe littafin rabon aiki, inda kowane gida zai ɗauki Asabar ɗinsa ta koyarwa da rabonsa na girkin walima. Za a tattauna wannan a babban taro mai zuwa, tare da shawarar komawa Ogimachi bayan sanyi ya wuce, lokacin da aka fi yin aikin jinka, kuma ana roƙon duk mai ra'ayi ya miƙa shi ga sakatare kafin ranar taron.

Wassalam,
Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa