Godiya ga ma'aikatan hasumiyar filin jirgin sama

Assalamu alaikum.

Wannan takarda taku ce, ku da ke can saman hasumiya kuna ba jirage izinin tashi, da abokan aikinku na ɗakin rada, wato na'urar hango jirage a sama, da ke karɓarsu da zarar sun ɗaga. Fasinja yakan gode wa matuƙi, ya gode wa ma'aikaciyar da ta miƙo masa ruwa. Ku kuwa ba ya tunawa da ku sai an tsayar da jirgi a bakin titin tashi, injin na ta ruri amma ba motsi. To ni a kan wannan tsayarwar nake yi muku godiya.

Duk mai yawan tafiya ya san yadda abin yake. Ta taga kana kallo, ƙaton jirgin da ke gabanku ya sheƙa da gudu, ya ɗaga hanci, ya naɗe tayoyi. Titi ya zama fayau, ko tsuntsu babu. Na kusa da kai ya duba agogo ya ja tsaki, wai me ake jira kuma?

Iska ake jira ta kwanta. Kowane jirgi yana barin guguwa biyu a bayansa, ɗaya daga ƙarshen kowane fiffike, suna murɗawa, ido ba ya ganinsu. Iya nauyin jirgi, iya ƙarfinsu, kuma a lokacin tashi, da jirgi ke cike da mai yana tafiya a hankali, sun fi muni. Ƙaramin jirgi ya faɗa ciki, sai su kifar da shi, ga shi dab da ƙasa, babu sararin gyarawa. Shi ya sa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta kasa jirage bisa nauyi, wanda ya kai tan 136 zuwa sama shi ne mai nauyi. In irinsa ya tashi, matsakaici ko ƙaramin da ke bayansa sai ya ba shi minti 2, in kuwa daga tsakiyar titi zai fara gudu, minti 3. Bayan Airbus A380 jiran ya fi haka ma. Wani abin mamaki, ranar da iska ke kaɗawa a hankali ta gefe ta fi buƙatar kula, domin takan tsayar da guguwa ɗaya a kan titin ta ƙi gushewa.

Ga kuma lissafin gudu: mai farfela a gaba, jet a baya, dole ku karkatar da ɗaya kafin ya cim ma ɗan'uwansa. Can sama na rada su riƙe tazarar mil 3 ko 5, ko ƙafa 1,000 tsakanin na sama da na ƙasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsantseninku a magana. Ba ku yarda matuƙi ya ce “to” kawai. Sai ya maimaita umarnin, ku ji da kunnenku. Da tsada aka koyi wannan. Ranar 27 ga Maris 1977, a tsibirin Tenerife na ƙasar Sifaniya, cikin hazo, wani Boeing 747 ya fara gudun tashi alhali wani irinsa bai bar titin ba, saboda rashin fahimta a rediyo. Mutum 583 suka rasu.

Na san ana matsa muku. Layi ya yi tsawo, kamfanoni na lissafin man da ke ƙonewa, matuƙa na tambaya ko saura nawa. Duk da haka muryarku ba ta tashi, kuma ba ku rage ko daƙiƙa goma don a ce kun yi sauri.

Ina roƙon shugabanninku su riƙa ba ku hutun da ya kamata tsakanin zama da zama, su kuma kula da na'urorinku, don wannan aiki ba na mai gyangyaɗi ba ne. An ware muku 20 ga Oktoba a duniya, amma ban ga dalilin jiran ranar ba.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira, ya tsare ku da iyalanku.

Naku,
Wani fasinja mai yawan tafiya